Ta'aziyyar Yusha'u, Wanda Muka Sa Ya Farke Sunayenmu

Cikin alhini, da nauyin zuciya, da kuma wata kunya da ba za mu ɓoye wa kowa ba, Ƙungiyar Zumuntar Mata Masu Shimfiɗa ta unguwar Rusaifa, a nan Makka mai alfarma, ƙarƙashin jagorancin uwarmu kuma shugabarmu, Hajiya Ummu Sabitu, tana sanar da dattawanmu, da malamanmu, da ɗaukacin Hausawa mazauna Rusaifa da Kudai da Shisha, da 'yan'uwa na gida Najeriya da Nijar, cewa ta samu labarin rasuwar ɗan ƙungiya kuma jikanta, Malam Yusha'u ɗan marigayi Alhaji Tsoho Mai Allura, gwanin alƙalami kuma gwanin zare, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab 1438, daidai da sha ɗaya ga Afrilu 2017, a wani asibiti a nan Makka, bayan jinyar ciwon ƙoda ta mako uku, yana da shekara talatin da huɗu a duniya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Duk wanda ya duba kwanan watan wannan takarda zai ga mun makara, kuma gaskiyarsa. Labarin bai same mu ba sai ranar Juma'a, bayan kwana goma da binne shi, daga bakin maigidansa Abu Marwan, mai shagon rubuta allunan kantuna a Shisha, wanda ya yi ta bin lunguna yana tambayar ko mamacin yana da wani nasa a garin nan. An yi masa salla a Harami bayan azahar, tare da sauran gawarwakin wannan rana, kuma kowa ya san yadda ake yi a nan: a kira salla ga mamata, ba a faɗin sunan kowa, dubban mutane su miƙe su yi kabbara huɗu, a ɗauke su a tafi. Ni da nake rubuta wannan ina cikin sahun mata a ranar. Na yi kabbarata, na yi addu'ata ga bayin Allah da ban sani ba, na lalubi takalmina na fita neman mota. Ashe yaron da na yi wa wankan farko ne aka wuce da shi ta gabana. Mutum uku suka raka shi maƙabarta: Abu Marwan, da direban motar, da wani ma'aikacin asibiti. Kabarinsa, kamar na kowa a garin nan, ba alama, ba suna.

Uwar ƙungiya ta ja mini kunne cewa takardar ta'aziyya ba wurin barkwanci ba ce, na kuma yi mata alkawari, amma jama'a su yi mini afuwa idan bakina ya zame, domin ban taɓa yin maganar Yusha'u ba tare da zolaya ba. Kakarsa, marigayiya Inna Saudatu, ita ta ɗauke ni a ɗakinta lokacin da na iso ƙasar nan ina ƙaramar yarinya, muka zauna kamar ya da ƙanwa, shi ya sa da ta rasu na gaje shi a matsayin jika. Tun yana rarrafe nake kiransa angona, ina yi masa gorin cewa bai taɓa kawo mini cefane ba, shi kuma yana cewa ya fasa auren tunda amarya ba ta da haƙoran cin nama. A Rusaifa aka haife shi, a nan aka haifi mahaifiyarsa Hajiya Rabi. Larabcinsa na 'yan Makka ne tsantsa, Hausarsa kuwa sai dai a yi haƙuri, don har ya girma yana ce wa tukunya shi, yana ce wa tulu ita. A wurin mahaifinsa ya koyi surfani, irin na hula da na wuyan riga, a shagon Abu Marwan kuma ya koyi rubutun Larabci mai kyau, har ya zama da wuya mutum ya bi titi ɗaya a Shisha bai wuce ta ƙarƙashin allon da hannunsa ya rubuta ba. Da wannan aikin ya samu iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar nan. Mahaifiyarsa da ƙanwarsa Mujahida ba su samu ba, kuma a shekarar da aka tsananta duba takardu suka koma Gumel, garin kakanninsu da ba su taɓa gani ba. Daga nan ya kama ɗaki ɗaya a Kudai, kusa da tashar motoci, yana kwana shi kaɗai, yana ci shi kaɗai.

Hidimar da ya yi wa wannan ƙungiya ba ta ƙirguwa. Shi ke karanta mana takardar likita, shi ke raka tsofaffinmu asibiti ya yi musu tafinta, shi ke rubuta sunan mai kaya a jikin jarkar zamzam idan za a aika gida, da rubutu mai kyan da har wasu a gida suke ajiye jarkar bayan ruwan ya ƙare. Amma babban aikinsa, wanda saboda shi muke rubuta wannan dogon bayani, shi ne na shimfiɗu.

Ga wanda bai san sana'armu ba, shimfiɗa ita ce ƙyallen da muke bazawa a gefen hanya mu jera kaya a kai, wata gyaɗa, wata hatsin tattabaru, wata lalle da turare da asuwaki. A kusurwa huɗu muna ɗaura igiya, yadda idan motar baladiyya, masu kamen hukumar gari, ta ɓullo, ja ɗaya za a yi kaya su dunƙule, a saɓa a ka, a shige lungu. Tsohuwar da ke kukan gwiwa tun safe, a wannan lokacin sai ka ga ta tsere wa 'yan mata. Da wannan hoton mutanen gari suka san mu: baƙar mace, ƙunshi a ka, tana gudu. Suna ce mana Takarna, kuma a wurin da yawansu dukkanmu jiya muka sauko daga jirgi muka ƙi komawa. Wannan magana tana ci wa Yusha'u rai tun yana makaranta. Sai ya shiga bin mu ɗaya bayan ɗaya yana roƙon tsofaffin shimfiɗunmu, waɗanda rana ta cinye, ya ba mu sababbi a madadinsu. Muka yi ta yi masa dariya. Ni na ce masa idan lefen da zai haɗa mini ke nan, ya riƙe abinsa. Ya tara guda arba'in da ɗaya, ya wanke su da hannunsa, ya bar igiyoyinsu yadda suke, sannan a tsakiyar kowace ya ɗinka, da farin zare da rubutu irin na bangon masallaci, cikakken sunan mai ita, da sunan ubanta da na kakanta, da unguwar da aka haife ta ko shekarar da ta iso. Wata an haife ta a Jarwal shekara saba'in da suka wuce. Wata kakanta ya zo da ƙafa tun kafin a ja wutar lantarki a garin nan. Shekara biyu ya yi yana wannan ɗinki bayan ya tashi daga shago.

A shekarar 1436 masu shirya wani bikin baje kolin zane-zane da ayyukan hannu a Jidda suka ga hotunan aikin, suka gayyace shi. Da farko sun so ya zo musu da makaɗa da mata masu ƙunshi a bakin ƙofa, a cewarsu don a ji ƙamshin Afirka. Ya amsa musu cewa shi bai taɓa taka Afirka ba, abin da zai kawo daga Makka yake, kuma ba kiɗa a cikinsa. Suka yarda, suka ba shi bango guda.

A nan ne laifinmu ya shigo, kuma ƙungiya ta amince a rubuta shi ba tare da kwaskwarima ba. Mu mutane ne da ba ma faɗin sunanmu. Wadda ba ta da takarda, sunanta na yanka shi ne abin da take ɓoyewa fiye da komai, shi ya sa za ka shekara talatin kana zama kusa da mace ba ka san ta da wani suna ba sai Ummu wane, ko Mai Gyaɗa, ko 'Yar Damagaram. Yusha'u ya samu sunayen ne saboda shi ke cike mana takardun asibiti, kuma da ya ce zai ɗinka, mun ɗauka a ɗakinsa abin zai tsaya. Da muka ji za a rataye su a Jidda, inda manya da masu ɗaukar hoto za su shiga, sai hankalinmu ya tashi. Saura kwana shida a buɗe biki muka cika mota, mu goma sha biyu, muka same shi a Kudai da hantsi. Ni ce a gaba, kuma ni na fi kowa ɗaga murya. Ya yi mana bayani cewa ba hoton kowa, ba adireshin kowa, kuma idan aka cire sunayen ba abin da zai rage sai tsumma. Muka ce shi mai iƙama ne, ba wanda zai kore shi, ya rufe mana baki. Wannan kalma daga bakina ta fito. Ya ɗauko reza, ya zauna a ƙasa ya fara farkewa a gabanmu, muna zaune muna kallo har bayan la'asar, don mun ce ba za mu tashi ba sai mun ga zare na ƙarshe. Da ya zo kan tawa, na ce masa ashe angona ya fi iya ɓarna a kan gyara. Na jira ya rama kamar kullum. Bai ɗago kai ba.

Abin da ya faru a Jidda ba mu gani ba, domin ko mace ɗaya a cikinmu ba ta je ba. Mun ji shi ne makon jiya daga wata ma'aikaciyar bikin, baiwar Allah mai mutunci, da ta zo har Rusaifa yi mana gaisuwa. Ta ce kwana biyar ya yi yana tsaye a gefen bangonsa cikin farar riga. Mutane suna zuwa su dubi tsofaffin ƙyallaye arba'in da ɗaya da igiyoyinsu, su girgiza kai don tausayi, su ce Allah Ya taimaki waɗannan bayin Allah masu bara. Wasu su tambaye shi daga wace ƙasa ya zo, su yaba masa yadda ya koyi Larabci da sauri. Abin da ya shekara biyu yana ɗinki don ya ƙaryata, shi ne mutane suka gani a bangon suka ƙara gaskatawa, kuma mu muka sa hakan da hannunmu.

Ta ce mutum ɗaya ne ya zauna da shi. A bango na kusa akwai wani dattijo mai zane daga cikin mutanen asali na ƙasar Ostireliya, waɗanda Turawa suka tarar a can. Shi ma masu kallo suna zuwa neman ɗige-ɗige da dabbobin daji irin waɗanda aka ce mutanensa na zanawa, sai su tarar ya zana ɗakin girkin 'yarsa, da firiji da buta da jakar makarantar jikansa a kan kujera, su wuce ransu bai so ba. Wannan dattijo ya matso ya shafa ɗaya daga cikin shimfiɗun da yatsa, ya ji ramukan allura a jere, ya tambaya ta bakin tafinta me aka cire. Yusha'u ya bi bangon da shi daga farko har ƙarshe, yana nuna kowace yana faɗin sunan mai ita da na ubanta da na kakanta, da ka, ba tare da ya duba takarda ba. Dattijon yana maimaitawa da karyayyen harshe. Ma'aikaciyar ta ce sun kai kusan awa biyu. Wanda ya ji sunayenmu a wurin ke nan, baƙo daga ƙarshen duniya, wanda ba zai taɓa ganin ko ɗayarmu ba.

Bayan ya dawo bai yi mana ƙorafi ba, mu ne muka kasa haɗa ido da shi. Muka daina kiransa karanta takarda, muka nemi wani. Ranar ƙaramar Salla ya zo ƙofata da ledar dabino, na leƙo ta taga na gan shi, na sa a ce masa ina barci. Ya ajiye ledar ya tafi. Babbar Salla ma ya zo. Shekarar da ta biyo bai zo ba, ni kuma na ce a raina gobe zan shiga motar Kudai in je in tsokane shi har sai ya yi dariya, goben ta yi ta ja har ajalinsa ya riga ni. Mako uku yana kwance a asibiti, Abu Marwan ya ce ya tambaye shi wa za a kira, ya ce kowa yana da hidimar gabansa, kada a tayar wa tsofaffi hankali.

Zuwa ga mahaifiyarsa, 'yar'uwarmu abar girmamawa Hajiya Rabi, da ƙanwarsa Malama Mujahida wadda muka san ita za ta karanta mata wannan, da dukkan dangin marigayi Alhaji Tsoho Mai Allura na Gumel da na ko'ina: ƙungiya tana miƙa muku ta'aziyya da zuciya ɗaya, tana roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya ba ku haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya sanyaya zuciyar uwar da ba ta ga jinyar ɗanta ba, ba ta ga gawarsa ba, ba kuma za ta iya tsayawa a bakin maƙabartarsa ba. Rabi, ranar da za ki tafi kin riƙe hannuna kin ce ga Yusha'u nan. Ban riƙe ba. Muna neman gafararki bayan ta Allah. Shi kuma, Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya sa jinyar da ya yi ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba shi maƙwabtan da suka fi mu, Ya haɗa shi da mahaifinsa da kakarsa a Aljannar Firdausi. Muna kuma godiya ga Abu Marwan, wanda ya yi abin da mu ya kamata mu yi, Allah Ya saka masa da alheri.

Saura magana ɗaya, wadda ita ce ta sa muka roƙi a karanta wannan takarda a kowane zaure da kowane gidan suna. An samu shimfiɗun a ɗakinsa, a ninke, da littafin da ya rubuta sunayen. Masu bikin sun ce a shirye suke su sake rataye su baɗi don tunawa da shi, kuma mu suke jira mu ce yadda za a yi. Da muka kira Hajiya Rabi a waya, ba ta zage mu ba, da ma ta zage mu da mun fi samun sauƙi. Abu ɗaya ta roƙa, a ƙarasa wa ɗanta aikinsa, kada a sake rataye masa tsumma. Ta ce a fara da tata shimfiɗar, wadda ke cikin arba'in da ɗayan, don ita yanzu ba wanda zai kore ta daga ko'ina.

Ƙungiya ta zauna ranar Alhamis bayan la'asar a ɗakin Hajiya Ummu Sabitu. Cikin mu arba'in da ɗaya, tara sun rasu, sha huɗu sun koma gida, sha takwas muna nan. An yi kuka, an yi addu'a, amma da aka zo kan batun suna kowa ta sunkuyar da kai, kuma ba mu ga laifin kowa ba, domin tsoron na gaskiya ne, akwai masu 'ya'ya da jikoki a bayansu. Aka tsayar da cewa ba za a tilasta wa kowa ba. Wadda ta yarda ta zo ta mayar da sunanta, ramukan allurarsa suna nan, bin su kawai za a yi. Waɗanda suka koma gida su aiko da izini, waɗanda suka rasu a tambayi 'ya'yansu. Shimfiɗar da ba a mayar wa suna ba, ba za ta je Jidda ba.

An kawo shimfiɗun zuwa ɗakina, bayan gidan burodin nan na Rusaifa, hawa na biyu. Allura da farin zare suna nan, shayi ma akwai, kuma ƙofa a buɗe take kullum daga la'asar zuwa magariba. Yau kwana huɗu ke nan ina zaune, ba wadda ta hawo. Na ɗinka ta Rabi, na ɗinka tawa. Idona ya yi rauni, layin ya karkace, harafi biyu sun hau kan juna, da angona yana nan da ya ce kaza ce ta bi ta kai. Ko biyun nan ne kaɗai, za a kai su, kuma wannan karon zan shiga mota in je in tsaya a gefen bangon da kaina. Sauran talatin da tara suna nan a ninke a kan gadona, ina jiran masu su.

Allah Ya jiƙan Yusha'u. Allah Ya kyautata namu ƙarshen.

Sa hannu, a madadin uwar ƙungiya da dukkan mambobi:

Hajiya Hurera 'yar Malam Idris ɗan Zali Maƙeri,
wadda aka sani da Kaka Mai Hatsi,
ta iso Makka a shekarar 1388,
Kakakin Ƙungiyar Zumuntar Mata Masu Shimfiɗa, Rusaifa, Makka.
Litinin, 5 ga Sha'aban 1438, daidai da 1 ga Mayu 2017.